Kai yara 'yan makaranta manyan wuraren wasanni: kwana nawa ya dace, kuma a wane lokaci?

Uwar Uku:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa kai 'ya'yansu irin manyan wuraren wasannin nan da ake shiga da tikiti a wuni ana hawan lilo da jiragen gangare, domin ni da maigidana mun shekara biyu muna tanadin wannan tafiya, kuma ba na so mu je mu dawo ba mu tsira da komai ba sai gajiya da ɓacin rai. Yaranmu uku ne: babbar tana da shekara 11, na tsakiya 8, auta kuma 6, kuma autar ƙaramin jiki gare ta. Maigidan ya fi karkata ga Orlando da ke jihar Filorida a Amurka, saboda Walt Disney World yana da wurare huɗu a haɗe, ga kuma wuraren wasanni na kamfanin Universal a kusa. Tsarinsa shi ne mu yi kwana shida a jere, kowace rana wuri guda, daga lokacin da aka buɗe ƙofa har a gama wasan wuta na dare, domin a cewarsa tunda an biya kuɗin wuni to sai a ci wunin. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, amma na rasa hujjar da zan kawo masa banda cewa na san 'ya'yana. Akwai kuma maganar lokaci: mu bari sai an yi hutu, ko mu ɗauke su daga makaranta na mako guda a tsakiyar zango, lokacin da aka ce cunkoso ya fi sauƙi?

Baban Tagwaye:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a yi maganar kwanaki ko ƙasa, ki tsayar da autar a jikin bango ki auna tsayinta da takalmin da za ta sa, sannan ki rubuta adadin, domin a waɗannan wurare galibi tsayin yaro ne ke ba shi damar hawa, ba shekarunsa ba. A Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wurare huɗun Walt Disney World, misali, ba a barin yaro ya hau jirgin gangaren Space Mountain sai ya kai inci 44, wato kimanin santimita 112, kuma akwai jiragen da sai ya kai inci 48, kimanin santimita 122. Ma'aikacin da ke bakin layi yana da sandar awo, kuma ba ya ɗaga ƙafa ko da rabin yatsa ne ya rage. Idan yayyenta biyu suka wuce aka tsayar da ita a gaban jama'a, wannan abin shi za ta fi tunawa a duk tafiyar. Kowane wuri yana wallafa jerin tsayin da ake buƙata a shafinsa na intanet, sai ki ɗora tsayinta a kan jerin ki ƙirga abin da za ta iya hawa. Daga nan ne za ki ga wurin da ya dace da ku.

Uwar Uku:
Na gode, Malam. Na auna ta yanzu, santimita 110 ce da takalmi. Na tsakiyan kuma 129.

Mai Yawan Tafiya:
Ai santimita biyu ba wani abu ba ne, Hajiya. Mutane da yawa suna saya wa yaro takalmi mai kaurin ƙasa ya cike gurbin. Game da kwanaki kuwa, ina bayan maigidanki. Tafiya ce da wataƙila ba za a maimaita ba sai bayan shekaru, kuma tikitin kwanaki da yawa yakan fi sauƙi idan aka raba shi a kan kowace rana. Mu mun yi kwana biyar a jere, kuma yaran sun jure.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, amma ba zan iya yin shiru a kan maganar takalmi ba. Ba don a ɓata wa yara rai aka sa iyakar tsayi ba. Ƙarfen da ke sauka a kan cinya, da wanda ke sauka a kan kafaɗu, da wurin jingina kai, duk an ƙera su ne a kan wani girman jiki, kuma yaron da bai kai ba yana iya zamewa a ƙarƙashin ƙarfen ko kansa ya riƙa buguwa a inda bai kamata ba lokacin da jirgin ya karya kwana da gudu. Takalmi yana ƙara wa yaro tsayi a tsaye, amma a zaune za a ɗaure shi, kuma a zaune takalmin bai ƙara masa komai ba. Bayan haka, yarinyar tana kallo, kuma za ta koyi cewa dokar da aka kafa don kare lafiyarta abu ce da ake zagayewa idan iyaye sun ga dama. Gara a gaya mata tun daga gida cewa akwai abubuwa biyu ko uku da sai ta ƙara girma, a nuna mata waɗanda za ta hau, waɗanda kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Mai Yawan Tafiya:
Na karɓi gyaran, 'yar'uwa, ban taɓa kallon abin ta fuskar zama ba. Amma ina nan a kan bakana game da kwanaki.

Hajiya Kaka:
Ɗana, ka ce yaranka sun jure, kuma na yarda da kai, sai dai juriya ba ita aka je nema ba. Na raka 'ya'yana, daga baya na raka jikokina, kuma abin da na gani sau da yawa shi ne rana ta farko kowa yana murna, rana ta biyu ana daurewa, rana ta uku kuwa da misalin ƙarfe biyu na rana sai ka ga yaro ya zauna a ƙasa yana kuka a kan abin da bai taka kara ya karya ba, uwa ta fusata, uba yana duba agogo yana lissafin abin da ya biya. Yaron nan ba rashin kunya yake yi ba. An tashe shi da sassafe, ya yi tafiyar da bai saba ba a kan daɓe mai zafi, ya tsaya a layi sau goma, ƙara da kiɗa da fitilu sun cika masa kai, kuma daren jiya bai kwanta ba sai bayan sha ɗaya. Babba ma idan aka yi masa haka kwana uku zai ƙosa, illa dai shi ya iya ɓoyewa.

Abin da nake ba 'ya'yana shawara shi ne a raba wunin gida biyu. A isa bakin ƙofa kafin a buɗe, domin sa'o'i biyun farko su ne layi ya fi gajarta, kuma abin da za a hau a cikinsu ya kan fi abin da za a hau daga azahar zuwa la'asar. Idan rana ta take, a koma masauki a ci abinci a kwanta, ko da manyan yaran ba su yi barci ba su miƙe ƙafa. Da yamma a dawo idan da sauran ƙarfi. Sannan bayan kowane kwana biyu a saka rana guda wadda ba a shiga ko'ina, sai wanka a tafkin otal da hutawa. Wasan wuta na dare kuma a zaɓi dare ɗaya a kalle shi, a sa shi a daren da gobensa hutu ne. Hajiya, ki gaya wa maigidanki cewa kwana huɗu da hutu a tsakani za su ba shi abin da kwana shida a jere ba za su ba shi ba, kuma hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Baban Tagwaye:
Maganar Hajiya Kaka tana da sharaɗi guda da ya kamata a sani, wato nisan masauki. Walt Disney World fili ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100, kuma tsakanin wuraren huɗu sai an hau bas, ko jirgin ruwa, ko jirgin da ke tafiya a kan dogo ɗaya. Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, da EPCOT na 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998, ba maƙwabtan juna ba ne da za a taka da ƙafa daga wannan zuwa wancan a cikin minti biyar. Idan masaukinku yana da nisa, komawa hutun rana da dawowa zai iya cin sa'o'i biyu a hanya kawai, sai dabarar ta zama wahala. Saboda haka wanda zai bi wannan tsari ya fi kyau ya rage kwanakin tikiti ya ƙara kuɗin a kan masauki na kusa.

Shi ya sa nake ganin ku duba Disneyland na Faransa, wanda aka buɗe a 1992 a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da Faris. Wurare biyu ne kawai, ƙofofinsu suna kusa da juna, tashar jirgin ƙasa tana bakin ƙofa, kuma akwai otal-otal da ake takawa da ƙafa. A can jirgin gangaren Big Thunder Mountain santimita 102 yake buƙata, autarku ta wuce, Hyperspace Mountain kuma 120, na tsakiyan ya wuce. Akwai wani bambanci da ya shafi babbar: a Orlando yaro yana komawa tikitin manya daga shekara 10, a Faransa kuwa tikitin yara yana kaiwa har shekara 11.

Malamar Firamare:
Bari in taɓo tambaya ta biyu, tunda aikina ne. Na san cunkoso yana raguwa idan makarantu suna buɗe, kuma ba zan ce mako guda zai rushe karatun yaro ba. Amma mako ba ɗaya ba ne ga kowane yaro. 'Yar shekara 6 tana daidai lokacin da ake ɗora tubalin karatu, ana haɗa baƙi da wasali kullum a kan na jiya, 'yar shekara 11 kuma a tsarin ƙasashe da yawa tana dab da jarrabawar fita firamare. Ɗan shekara 8 ne kaɗai zan ce zai cike gurbin ba tare da wahala ba. Iyaye sukan ce mu ba su aikin makon su yi a hanya, kuma ina bayarwa, amma ban cika ganin ya dawo a kammale ba, kuma ban zargi kowa ba, domin yaron da ya wuni a tsaye ba zai zauna da littafin lissafi da dare ba. A wasu ƙasashe ma doka ce, a Ingila ana cin iyaye tara idan suka ɗauke yaro don yawon hutu ba da izinin makaranta ba.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane ba su cika lura da ita ba. Cunkoson wuri yana bin hutun makarantun ƙasar da wurin yake, da na ƙasashen da ke kewaye da ita. Ku ɗauko kalandar makarantar yaranku, ku ɗauko ta ƙasar da za ku je, ku nemi makon da naku suke hutu alhali nasu suna aji. Sau da yawa ana samun irin wannan mako a farkon hutu ko a ƙarshensa. Ku kuma zaɓi tsakiyar mako a kan Asabar da Lahadi.

Mai Yawan Tafiya:
Malama ta kawo hanya mai kyau. Ga wanda bai samu irin wannan mako ba kuma, akwai tikitin tsallake layi. Disney sun fara tsarin FastPass a 1999, a lokacin kyauta ne, amma tun 2021 a wuraren Amurka ya koma na kuɗi, yanzu ana kiransa Lightning Lane, Universal kuma suna da Express Pass. Ni ina saye, domin ban ga amfanin in yi doguwar tafiya in ƙare a layin minti casa'in ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ba na adawa da shi, amma a san abin da yake jawowa. Wasu daga cikin irin waɗannan tsare-tsare suna ba ka lokacin da za ka je kowane abin hawa, sai ka ga uba ya wuni kansa a sunkuye a kan manhajar waya yana neman gurbi, yana jan yara daga wannan kusurwa zuwa waccan don kada lokaci ya wuce, alhali yaron yana so ya tsaya ya kalli masu jerin gwano ko ya sake hawan lilon da ya ji daɗinsa. Idan za a saya, a saya don ranar da ta fi cunkoso kawai. Akwai kuma wani tsari na kyauta da zai amfani Hajiya kai tsaye saboda autarta: a Disney sunansa Rider Switch, a Universal kuma Child Swap. Uba ya shiga da manyan yaran, uwa ta jira da ƙaramar, idan sun fito sai uwa ta shiga ba tare da ta sake bin dogon layin daga farko ba. A tambayi ma'aikacin bakin layi kafin a shiga.

Ta ɓangaren lafiya, abin da ya fi kayar da yara a irin wannan tafiya shi ne ƙishirwa da ƙafa. Yaro ba ya cewa yana jin ƙishirwa idan wasa ya ɗauke masa hankali, sai ciwon kai da jiri sun zo, saboda haka a riƙa ba shi ruwa a kan lokaci ba sai ya nema ba. Kada a saya masa sabon takalmi ranar tafiya, a saya da wuri ya yi makonni yana sawa, in ba haka ba ƙafa za ta yi bororo tun rana ta farko. Ku fara fita tattaki da su da yamma wata guda kafin tafiyar, za ku kuma gane wanda ya fi saurin gajiya a cikinsu. Ko 'yar shekara 6 ba abin kunya ba ne a yi mata hayar keken turawa idan rana ta yi nisa. A kula da yanayi kuma: damina a Filorida zafi ne da gumi da hadarin yamma, ana tsayar da abubuwan hawa na waje idan ana walƙiya, lokacin guguwa kuma daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. A Dubai da Abu Dhabi zafin bazara yana haura digiri 40, shi ya sa wurare irin su Warner Bros. World da aka buɗe a 2018 suke a rufe gaba ɗaya da na'urar sanyaya iska.

Uban Ɗaya:
Ina so in ƙara abin da ya faru da ni, domin har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa. A wani babban wurin wasanni da ba sai na ambaci sunansa ba, ɗana yana da shekara 7 a lokacin, muna fitowa daga kallon wasan dare cikin turmutsitsi, na saki hannunsa don in ɗauki jaka, na waiwaya ban gan shi ba. Minti goma sha biyar ne kawai, amma ban taɓa ganin lokaci mai tsawonsu ba. Abin da ya taimake mu shi ne da safiyar ranar mahaifiyarsa ta nuna masa irin tufafin ma'aikatan wurin da alamar suna da ke ƙirjinsu, ta ce masa idan bai gan mu ba kada ya yi yawon nemanmu, kada kuma ya nufi ƙofar fita, ya tsaya ya gaya wa mai irin wannan alama. Haka ya yi, kuma lambar wayarta tana rubuce a wata takarda a aljihunsa. Tun daga ranar, kowace safiya nakan ɗauki hotonsa da kayan da ya sa, domin a cikin ruɗani mutum yana manta launin rigar ɗansa. Hajiya, yaranki uku ne, ku biyu ne, ku raba tun daga masauki wane ne ke riƙe da wane, kada kowa ya ɗauka ɗayan yana kallo.

Uwar Uku:
Allah Ya ƙara tsarewa, Malam, jikina ya yi sanyi da na karanta. Saura abu ɗaya: maigidan yana so a ɓoye musu sai ranar tafiya, don su yi mamaki.

Malamar Firamare:
Ni dai ba na goyon bayan ɓoyewa ga yaran da suka kai wannan shekaru. Rabin daɗin tafiya a wurin yaro yana cikin jiranta, yana ƙirga kwanaki, yana kallon taswirar wurin, yana gardama da 'yan'uwansa a kan abin da za a fara hawa. Ku buga taswirar a takarda ku ba su, kowa ya zaɓi abu uku da ba zai yarda a dawo bai yi ba, ku kuma ku yi alƙawarin waɗannan tara kaɗai, duk abin da ya ƙaru riba ce. Wannan yana kashe rigimar wurin tun daga gida, yana kuma sauke wa uba nauyin ganin sai an zagaye komai. Ku nuna musu bidiyon abubuwan hawan, domin tsayi ya kai ba ya nufin zuciya ta kai: akwai ɗan shekara 8 da ya cika awo amma duhu da ƙara suna firgita shi, kuma wanda aka tilasta wa hawa sau ɗaya yana iya ƙin hawan komai har a tashi. Haka kuɗin kayan wasa, tunda abubuwan hawa da yawa ta cikin kanti ake fitowa daga cikinsu: a ba kowa kasonsa a hannu tun ranar farko, a ce masa idan ya ƙare ya ƙare.

Hajiya Kaka:
Kuma kada a ɗauka sai Disney. Legoland na farko yana Billund a Denmak tun 1968, an yi shi ne musamman don yara daga shekara 2 zuwa 12, Efteling a Holan yana nan tun 1952 da dajinsa na tatsuniyoyi inda ake tafiya a inuwar itatuwa, Europa-Park kuma yana Rust a Jamus tun 1975. Sai dai wasu wuraren arewacin Turai ba sa buɗewa duk shekara, a duba ranakunsu kafin a sayi tikitin jirgi. Ga babbarku Legoland ya kusa yi mata ƙanƙanta, ga autar kuwa daidai ne.

Uwar Uku:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta wa maigidan abin da kuka rubuta, kuma abin da ya fi kama shi shi ne lissafin nisan masauki da maganar rana ta uku, domin ya tuna yadda autar ta yi a wata doguwar tafiya da muka yi bara. Mun tsaya a kan Faransa: kwana biyu a wurin, rana guda hutu, sannan kwana ɗaya na ƙarshe, wasan wuta kuma a dare na biyu. Ba za mu taɓa zangon karatu ba, na nemi kalandar makaranta zan ɗora ta a kan ta Faransa kamar yadda Malama ta ce. Ya dage dai a kan tikitin tsallake layi na rana ɗaya, na kuma yarda. Za mu gaya wa yaran ranar Juma'a idan sun dawo daga makaranta.

Baban Tagwaye:
Madalla, Hajiya. Idan kin zo duba kalandar, ki lura cewa Faransa ta raba makarantunta shiyya uku, kuma hutun hunturu da na bazara ba rana ɗaya suke farawa a kowace shiyya ba, saboda haka ki duba duka ukun, ki haɗa da na Ingila tunda iyalai da yawa daga can suke zuwa. Ki kuma sake auna autar mako guda kafin tafiya.